Dutsen Guga Mai Yoyo

A wajen baffana na koyi riƙon allura, a wata rumfar zana cikin kasuwar Gusau. A lokacin ba mu san guga ba. In an gama riga sai a kai wa masu bugu, su ɗora ta bisa gungume su yi ta narka mata itace har ta kwanta ta yi sheƙi. Ɗinkin da ya tattare kuwa da farce muke kwantar da shi. Haka baffa ya yi har ya tsufa, ba wanda ya taɓa maido masa da aiki.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son a ce na fi kowa dabara. Shekarun da kamfanonin Turawa suka soma sayen gyaɗa da auduga a garinmu, akwai wani mutumin kudu da ke yi wa akawunsu wanki. Kullum na bi ta bayan gidan sai na tsaya kallonsa. Yana da wani ƙarfe mai tsinin baki, da murfi da mariƙin katako. Sai ya buɗe ya zuba garwashi, ya kaɗa shi a iska, ya guntsi ruwa ya fesa wa tufa, ya bi ta da ƙarfen. Tururi ya tashi, wurin ya kwanta sumul. Da zai koma garinsu na ba shi huluna biyu da na ƙure basirata a kansu, ya bar mini ƙarfen, wato dutsen guga.

Aikin farko da na gwada shi a kai taguwar wani manomi ce daga Mada. Na guntsi ruwa na fesa yadda na ga ana yi, na manta da goron da ke kumatuna. Taguwa ta fito da ɗigo-ɗigon ja kamar ƙwan zabo. Mai hankali da ya ce a daina cin goro lokacin aiki. Ni sai na yanke cewa laifin na baki ne, kuma bai kamata maɗinki mai mutunci ya riƙa tofa wa tufafin mutane ruwa ba. Dutsen da kansa ya kamata ya ba da tururin.

Na ɗauki jaki na tafi Tsafe wajen wani tsohon maƙeri, abokin mahaifina. Na zana masa abin da nake so a ƙasa: ɗan gwangwani a cikin dutsen, gefen garwashi, da siririn bututu da zai fito ta baki. Ruwa ya tafasa, tururi ya bi bututu ya sauka kan tufa.

Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce, "Wato wuta da ruwa kaka son in aje ɗaki guda."

Na ce, "Baba, ai haka Turawa ke yin abubuwansu."

"Ka gani wurinsu?"

"Ban gani ba, amma hankali ya ba ni."

Ya ce, "To, ɗana, da dalma za ni liƙe shi, ita ko dalma ba ta jimirin garwashi. Na faɗa maka."

Na ce ya dai yi. Ya yi, ya ƙi karɓar komai, ya ce kada in faɗa wa kowa hannunsa ne.

Ranar da na gwada shi a bakin rumfa mutane sun taru. Dutse ya yi ta huci yana fitar da tururi ta hanci, ni kuma ina ta bayani kamar wanda ya dawo daga wata ƙasa. Baffa dai ya ja tabarmarsa da kayan ɗinkinsa zuwa can ƙarshen rumfa. Kwana uku sai bututun ya soma ɗiga. Na naɗe shi da tsumma, tsumma ya ƙone. Na shafe gindinsa da danƙo, danƙo ya narke ya cika rumfa da wari. Na kwaɓa yumɓu na liƙe, ɗigo ya tsaya, na ce wa kowa na gano maganin abin.

Ana nan wata tsohuwa ta zo daga Karakkai, can wajen Bungudu, ɗauke da ƙunshi. Ta kwance, ga farin saƙi mai kyau, zarensa siriri, da tulin auduga shiɓaɓɓiya. Ta ce mayafi take so mai kauri saboda maigidanta, tsufa ya sa sanyi yana shigar masa ƙashi. A haɗa farin fuska biyu, a shimfiɗa auduga a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Baffa ta zo nema, amma idonsa ya soma rauni, ya ce in karɓa.

Gaskiya na yi aikin da kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Kwana tara ina kansa. Da na gama ba abin da ya rage sai a naɗe a ajiye mata. Amma zuciyata ta ce ai ya kamata mutanen Karakkai su ga abin da ba su taɓa gani ba. Na hura garwashi ya yi ja, na cika gwangwani, na shimfiɗa mayafi.

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Mayafin auduga mi ya haɗa shi da guga?"

Na ce, "Gefe-gefen kawai zan taɓa."

Ban tsaya a gefe ba. Ina kaiwa tsakiya na ji wani ɗan ƙara a cikin dutsen, dalma ta saki. Ruwan duka ya kife cikin toka, ya kwaso tsatsa, ya fito ta kafofin iska baƙi-baƙi ja-ja. Maimakon in ɗauke shi gefe sai na ɗaga na girgiza don in ga inda yake yoyo, na ƙara ja wa mayafin wani layin har baki. Auduga kuwa ta shanye abinta nan take.

Na kai gida a ɓoye cikin buhu. Matata ta duba, ta dube ni, ta kawo lemun tsami da sabulun salo. Kwana biyu muna cuɗawa muna shanyawa. Tabon ya dushe kaɗan, ya kuma faɗaɗa, ya koma kamar inda akuya ta kwana.

Ranar kasuwa tsohuwa ta zo. Na so in ce ɓera ne ko yoyon rumfa, amma rani ake, kuma baffa yana zaune. Na shimfiɗa mata, na faɗi gaskiya. Ta shafa tabon da tafin hannu, ta shinshina.

Ta ce, "Ɗan nan, ka san ko mine ne wanga fari?"

Na ce, "A'a, Inna."

"Likkafanina ne. Rani biyu ina kaɗin zarensa. Da na ga Malam na rawar sanyi sai na ce ya fara amfani da shi, in Allah ya ba ni kwana in kaɗa wani."

Ban san inda zan sa fuskata ba. Na ce zan sayo mata wani farin. Ta ce na kasuwa ba zarenta ba ne. Sannan ta ce a kai marina a tsoma shi ya yi baƙi, kuma ni da kaina zan kai mata gida, don ba za ta sake tako hanya saboda wautar wani ba.

Marina suka yi ta mita, wai mayafi mai auduga yana shanye musu baba kamar raƙumi. Ya ɗauki kwana biyar kafin ya bushe. Na ɗora shi a ka na kama hanyar Bungudu da sassafe, ina ta tsara kalmomin ban haƙuri da zan gaya wa maigidan, mutumin da aka yi wa alkawarin farin mayafi za a kai masa baƙi.

Na same shi zaune a zaure yana shan hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, na soma jawabina. Ya miƙo hannu yana lalube, sai a nan na lura idanunsa duka biyu sun tafi, an ce ya fi shekara goma ba ya gani. Ya shafa layukan ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya yafa a kafaɗa.

Ya ce, "Wanga ɗinki na mai haƙuri ne. Kai ka yi shi?"

Na ce, "Ni ne, Malam. Sai dai launin..."

Tsohuwa ta katse ni daga bakin ƙofa, ta ce, "Launi dai nawa ne, ni ka kallo. Taso ka sha fura."

Na sha fura ina jin 'yan gidan suna dariya ƙasa-ƙasa a bayan danga, don ta riga ta ba su labarin dutsen da ke fitsari.

Da na dawo na sa guduma na ɓalle gwangwanin na jefar. Tun daga nan in zan yi guga sai in jiƙa wani tsohon ƙyalle in matse, in shimfiɗa bisa aikin, in bi da dutse, bayan na fara gwada shi a kan tsumma. Matata ce ta nuna mini haka, ta ce tun ranar farko ta so faɗa, ta ga ba na cikin jin magana. A ranin nan ta zauna ta kaɗa zare mai yawa, siriri iyakar iyawarta, ta ce a kai wa tsohuwar ta sa a saƙa mata wani farin. Ni na kai. Tsohuwa ta ja zaren ta duba a hasken rana, ta ce a gaishe da mai kaɗin, ta iya.