Yau Baba ya sauke bindigarsa daga bango

"Maida shi baya, in sake jin matar nan," in ji Baba.

Muna gindin iccen bedi a gidanmu na Bonkuku da hantsi, ina nuna mai wani fim a waya kan abin da ke sa Amurkawa harbe junansu. Da Faransanci ne, ina fassara mai. Matar na ba da labarin yadda ɗanta ya tarar da bindigar ubansa a ɗure, ya ɗauka abin wasa ce, ya harbe ƙanwarsa.

Baba maharbi ne. Bindigarsa ta gado kullum tana rataye a ɗure, a ɗakin da ɗiyana ke wasa. Na yi magana har na gaji, amsarsa ɗaya ce: tana da laya, ta san jinin gida.

"Su ba su ɗaura ma tasu laya?" ya tambaye ni.

Na ce, "Baba, mijinta ma cewa ya yi tasa ba ta taɓa tashi da kanta ba."

Ya daɗe yana kallon autata tana wasan ƙasa. Sai ya shiga ɗaki, ya zazzage albarushin, ya kulle bindigar cikin akwatin ƙarfe, ya miƙo mini makullin.

Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa!

Ban san ko fim ɗin ya gyara Amurka ba, amma ya gyara ɗakin Baba. Ku fa, mi ke rataye bisa kan ɗiyanku?