Hannun Daman Inna Dudu

Wanda ya saba sayen kifin banda a bakin ruwan Yelwa zai gane rumfar Inna Dudu ko da idonsa a rufe. Sauran rumfuna hayaƙi da ƙarnin kifi suke yi. Tata kuwa akwai ƙamshin zaiti a kai, man nan na itacen turare mai ratsa hanci.

Ƙanwar mahaifiyata ce. An haife ta a wani ƙauyen masunta da ruwan Kainji ya shanye tun tana yarinya, aka tashe su zuwa tudu. A Yelwa ta yi aure, ta haihu, ta aurar, mijinta Shu'aibu ya rasu, ita kuwa tana nan gaban murhun banda. Kurungu ta fi gasawa, kifin nan mai ƙaya masu tauri a baya da gefe. Kafin ta ɗora shi a wuta sai ta karya ƙayoyin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tana hira ba ta ko dubawa.

Zaiti kuwa wurin mahaifinta ta gan shi. In ya fito daga ruwa da sanyi, da shi yake murza ƙirjinsa. Ita ma kullum akwai 'yar kwalba ƙulle a haɓar zanenta. Mai mura, ta ɗiga masa a ruwan zafi, ta lulluɓe shi da zane ya yi surace. Matuƙin jirgi mai ciwon kafaɗa, ta haɗa da man kaɗanya ta ba shi. Targaɗe, ciwon kai, cizon ƙwaro, duk zaiti ne. Sau da yawa ana jin daɗi, har masunta suka sa mata Likitar Bakin Ruwa. Tana cewa ba ta son sunan, amma in an kira takan amsa.

Abu na biyu da aka san ta da shi, ba a miƙa mata kaya da hagu. Ko babban mutum ne, sai ta naɗe hannu ta ce, "Ina ɗan'uwansa? Ya tafi Kwantagora ne?"

A daminar bara, ƙayar kurungu ta soke ta a tafin hannun dama, ƙarƙashin babban yatsa. Ta zare, ba ta san bakin ya karye a ciki ba. Ta ɗiga zaiti a ramin. Ya yi zafi, ta ce aiki yake yi, ta ɗaure da tsumma. Hannu ya kumbura, ta ƙara zaiti. Ya soma zogi, ta ƙara. Sai ta ɓoye shi cikin mayafi, don likitar da ta yi wa rabin bakin ruwa magani ba za ta so a gan ta a layin asibiti ba.

Wata Asabar na je karɓo kifin gida, na tarar da Mama Hannah a rumfar. Mama Hannah 'yar tsaunukan wajen Ngaski ce, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, kuma ƙawar Inna ce tun suna amare. Kifin miyar Lahadi ta zo ɗauka. Inna ta naɗe shi a takarda ta miƙa mata da hagu.

Mama Hannah ta naɗe hannu. "Ina ɗan'uwansa? Ya tafi Kwantagora ne?"

"Ke dai karɓi ki ba ni wuri."

"Dudu, yau ni kika ba hagu? Buɗe mayafin ga."

"Sanyi nike ji."

"Gaban wuta? Garba, kama mani Innarka."

Ni ne Garba. Ban kama ta ba, ita ta fitar da hannun da kanta. Ya yi suntum, yatsun sun ƙi lanƙwasa, ga wani jan layi ya hau har wuyan hannu. Mama Hannah ta daina dariya.

"Mi kika sa?"

"Mi zan sa? Abin da ya warkar da gwiwarki."

"Gwiwata ba rami gare ta ba. Zaitinki na da kyau, ban ce a'a ba, amma ba shi da yatsun da zai ciro ƙaya. Tashi. In kika ƙara kwana, da hagun za ki riƙa karya kurungu har ki mutu."

Wannan maganar ce ta tayar da ita. Na nemo mai babur mai ƙafa uku, muka nufi asibiti. A hanya ta ja mayafi ta rufe fuska kada masunta su gane ta, alhali ƙamshin zaiti ya riga mu wucewa.

Likita ya tsaga wurin, ya matse mugunya, ya ciro guntun ƙaya da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya yi mata allurai, ya kwantar da ita. Ya ce zaiti na shafawa ne a fata mai lafiya da surace, ba na zubawa a buɗaɗɗen ciwo ba. Da na bi shi waje na tambaye shi gaskiya, ya ce in ciwon ya ci jijiya, yatsun na iya sandarewa. Sai kumburi ya sauka za a sani.

Kwanakin nan murhun banda bai ga wuta ba. Mama Hannah ta tare a gefen gado, tana ba ta kunu a baki, suna faɗa. Inna ba ta tambayi kowa ko za ta warke ba. Sai dai na lura takan zuba wa hannun ido, ta daɗe tana kallonsa.

Ranar da aka kwance bandeji, likita ya ce ta taɓa kowane yatsa da babban yatsa. Manuni ya taɓu. Na tsakiya ya taɓu. Na gaba ya yi gardama, ta cije leɓe, ya taɓu. Da ƙaramin ya taɓu sai ta ce, "Alhamdu lillahi," Mama Hannah ta ce, "Mun gode Allah," ni kuma sai a lokacin na nemi benci na zauna.

Yanzu ta koma rumfa. Da 'yar filaya take karya ƙaya, Mama Hannah ce ta sayo mata. Kwalbar tana nan a haɓar zane, amma in masunci ya zo da yanka ko sukar ƙugiya, sai ta nuna masa tabon tafinta ta ce, "Wanga ba nawa ba ne, wuce asibiti. In ka dawo da mura ka zo."

Asabar da ta wuce na je karɓar kifi, waya a hannun damana, na miƙa hagu ban sani ba. Ta buge shi da hannun daman nan, har ya yi ƙara.