Kwaɓin da Gwaggo Ta Sa a Aljihun Baba

Gwaggo yayar Babanmu ce, kuma tun da na yi wayo ita ce bakinsa. Baba yana da i'ina mai tsanani, irin wadda kalma ke maƙale masa har jijiyoyin wuyansa su tashi. Ita kuwa Gwaggo, Allah ya ba ta harshe, ya kuma ba ta ƙarfin juya shi. Kafin Baba ya gama "ba-ba-ba", ta riga ta ce wa mai saye, "Ba zai rage kuɗi ba, sai an jima." A gidan burodinmu shi ke ciki wajen kwaɓi da gashi, ita tana bakin kantar sayarwa tana fama da 'yan sari. Innarmu ma takan ce har yau ba ta san wanda ya so ta ba tsakanin su biyun, don daga bakin Gwaggo ta ji maganar.

Sai gobara ta cinye gidan burodin. Wayar lantarki ce ta kama a silin, ranar da ba a aiki. Baba ya yi shekara da shekaru yana biyan inshora, amma kamfanin ya ce atafau ba zai biya ba. Wai mai bincikensu ya gano an kwashe buhunan fulawa daga sito ana gobe wutar za ta tashi, don haka Baba ne ya cinna ta da hannunsa. Ji wani zance don Allah! Mutumin da ko ashana ba ya yarda a ajiye kusa da sito.

Muka kai su kotu kan saɓa yarjejeniya, su kuma suka ce zamba ce aka shirya musu. Lauyarmu ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce idan alƙali ya gaskata su, maganar za ta koma hannun 'yan sanda, kuma Baba na iya ƙarewa a gidan yari.

Gaskiyar kuwa ba ta da wani tsawo. Rufin sito ne ke yoyo, ga hadari kullum, shi ne Baba ya kai fulawar shagon telan da ke maƙwabtaka da mu. Telan ya ba da shaida, amma aka ce ai abokinsa ne. Dole sai an ji daga bakin Baba.

Ranar ba na son tuna ta. Lauyan kamfani ya tambaye shi, "Me ya sa ka kwashe fulawar?" Baba ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Gumi ya keto masa, ya sunkuyar da kai. Wallahi ko ni 'yarsa, da ban san shi ba, sai in ce ƙarya yake ƙoƙarin haɗawa.

Sai Gwaggo ta miƙe tsaye. "Rufin ne ke yoyo, ranka ya daɗe! Ku bar wahalar da shi haka!"

Alƙali ya gargaɗe ta. Aka sake tambaya, ta sake amsawa. Ya sa aka fitar da ita, ya ce kada ta ƙara shigowa har a gama shari'ar, sannan ya ɗage zama.

A gida Gwaggo ta ƙi cin abinci, ta ƙi yi wa kowa faɗa, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Da la'asar ta kira ni. "Ke, zo nan. Kin taɓa jin ubanki ya yi i'ina a kan teburin kwaɓi?"

Na tsaya ina tunani. Ban taɓa ji ba! In hannunsa na cikin kwaɓi, hira yake zubawa har da tsokana. Muna ji kullum, amma babu wanda ya lura sai ita. Tun bayan gobarar kuwa hannuwan nan a zube suke.

Da safen ranar komawa kotu ta kwaɓa fulawa ɗan dunƙule, ta ƙulle a leda, ta cusa masa a aljihu. "Auta, in sun tambaye ka, kada ka kalli kowa. Ka yi aikinka kawai." A bakin ƙofa ɗan sanda ya lalubo ledar yana jujjuya ta. Gwaggo ta ce, "Kwaɓi ne, ɗana, in kana so ka ɗanɗana." Ya mayar da ita da sauri.

Lauyarmu ta yi wa alƙali bayani, ya dubi ledar, ya ce a ci gaba. Baba ya sa hannu a aljihu yana murza kwaɓin. I'inar ba ta tafi duka ba, kada in yi ƙarya, amma maganar ta fito. Ya faɗi inda rufin ya tsage, da kafintan da ya yi ta masa alkawari bai zo ba. Lauyan kamfani ya biyo ta nan, ya ɓullo ta can, Baba na ba shi amsa. Na waiga na hango Gwaggo a baranda, ta jingina kunne da taga, ta toshe bakinta da mayafi.

Aka kira kafintan a zama na gaba, ya tabbatar da komai. Alƙali ya yanke hukunci cewa babu zamba, kamfanin ne ya saɓa yarjejeniya. Ni dai abin da na yi kuka a kansa shi ne Baba zai kwana a ɗakinsa. Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Da muka fito, Baba ya nufe ta, hannunsa babu komai. Ya ce, "Ya-ya-ya..." Kalmar ta maƙale. Na ga leɓɓanta na motsi, ta san sarai abin da zai ce. Mutane na ta ratsa mu suna wucewa, ita kuwa ta haɗe hannuwa a ƙirji, hawaye na zuba, ta jira shi har ya kai ƙarshe da kansa.

"Yaya, na gode."