Gilashin da Bai Tsage Ba

Shekarun baya, lokacin ina digiri na uku a Manchester, aikina kullum shi ne dafa gilashi. Idan tashar nukiliya ta gama amfani da makamashinta, abin da ya rage yana da haɗari na dubban shekaru. Wasu ƙasashen suna jiƙa shi cikin manyan tafkunan ruwa har ya huce, wasu su rufe shi cikin tukwanen ƙarfe da kankare, Finland kuwa rami ta haƙa can ƙarƙashin dutse. A nan Birtaniya, mafi haɗarin ana narkar da shi ne cikin gilashi ya daskare, ya riƙe dafin a cikinsa. Ni kuma ina neman haɗin gilashin da zai ɗauki wata irin shara mai taurin kai.

Matsalar ita ce nawa tsagewa yake yi. In haɗa, in sa a tanderu, in jira ya huce, in buɗe in tarar da shi kamar an taka faranti. Har malamina ya ce, cikin ladabin nan nasu na Turawa, idan haɗi na gaba bai yi ba gara mu canza batun binciken gaba ɗaya. Wato duk wahalar da na sha ta tafi a banza.

Ana cikin haka matar yayana ta haihu a Birmingham, mahaifiyata ta zo daga Kano. Na sa haɗin ƙarshe a tanderu, na bar wa abokiyar aikina amanarsa, na hau jirgin ƙasa zuwa Aston, unguwarsu a Birmingham.

Ina shiga na miƙa hannu zan ɗauki jaririya, sai Umma ta janye ta. Ashe yayana ya taɓa gaya mata a kan sharar nukiliya nake aiki, ita kuma ta ji a rediyo abin da nukiliya take yi wa mutane.

"Ki fara yin wanka tukuna, ki canza kayan nan," ta ce. "Ni ban ga dalilin da za ki bar duk karatun duniya ki zaɓi bola ba."

Na yi mata bayani cewa ban taɓa ko ganin sharar gaske ba, wasu sinadarai marasa haɗari muke sawa a madadinta. Yayana, da yake likita ne, ya sa baki ya tabbatar mata. Ta saurare mu tsaf, sannan ta nuna min hanyar banɗaki. Haka na yi wankan nan, da digirina biyu.

Ranar suna gida ya cika da mata, ni aka ɗora wa rabon waina. Wayata ta yi ƙara, na ga abokiyar aikina ce ta turo hoto. Hannuna duk mai, da gwiwar yatsa na buɗe. Ga gilashi nan baƙi wuluk, sumul, yana sheƙi, babu tsaga ko ɗaya. Ta rubuta cewa ta juya shi ta kowane gefe, malamina ma ya sauko daga ofis ya gani da idonsa.

Ban san lokacin da na ajiye tiren na fara tsalle a tsakiyar falo ba. Ɗankwalina ya faɗi. Wata baƙuwa ta tambayi matar yayana ko miji na samu. Na dinga bin mutane ina nuna musu hoton, suna cewa Masha Allah, alhali na san babu abin da suke gani sai wani baƙin dutse.

Umma ta ja ni kicin, ta karɓi wayar, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni wannan ne zai riƙe dafin? Na ce in ya ci sauran gwaje-gwajen, irinsa zai iya riƙewa har bayan jikokin jikokin jaririyar nan.

"To ai ba ki gaya min haka ba," ta ce. "Kin tsaya kina ta min Turanci. Je ki gyara ɗankwalinki, Allah ya sa albarka."

Washegari na koma Manchester, daga tasha ban ko biya gida ba na wuce ɗakin gwaje-gwajenmu da jakata. Da na ɗauki gilashin a tafin hannuna ya fi yadda na zata nauyi. Gwajin jiƙa shi a ruwa ya ci watanni, gilashin kuma ya tsallake, a kansa na rubuta kundin digirina.

Yanzu na san gilashina ɗan ƙaramin abu ne cikin wannan babban aiki, kuma ba lallai a taɓa zuba shi a wata tasha ba. Amma har gobe in zan buɗe tanderu gabana faɗuwa yake, irin faɗuwar nan mai daɗi. Na kuma koyi yin bayanin aikina da Hausar da uwata za ta gane, abin da ya fi rubuta kundin wuya. Umma kuwa ta shigar da shi cikin gaisuwa. Duk ranar da ta kira, bayan ya aiki ya sanyi, sai ta ce, "Ya gilashi? Bai dai tsage ba ko?"