Jinin Susan, Leda Biyu

Kun san a ina ake yin jini a jikin mutum? A ɓargo, can cikin ƙashi. Ni ma ban sani ba sai da ɓargon Praise ya daina aiki.

Praise shekararta takwas. Autar Magdalina Kambai ce, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titin Bosso da ke Minna. Shekara goma sha ɗaya ina sayen abinci wurinta. Tukunya biyu take ɗorawa kullum, kafin azahar ta ga gindinsu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, Susan 'yar shekara ashirin da wannan autar.

A watan Fabrairu yarinyar ta fara haɓo. Dasashi na zubar jini, ƙafafu duk ɗigo-ɗigon ja. Aka yi maganin maleriya sau biyu, aka ɗura mata ruwan ganyen ugu da madara. A wani ƙaramin asibiti aka ce sai an ƙara jini.

"Jinin wa?" in ji Magdalina. "Ba za a sa wa 'yata jinin wanda ban san uwarsa ba. Susan, miƙo hannu."

Susan ta miƙa. Leda biyu cikin wata huɗu.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka tura su Abuja. Likita ya ce garkuwar jikin yarinyar ce ke kashe ɓargonta, kuma hanya biyu ce: dashen ɓargo daga wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, ko magani mai kwantar da garkuwar. A cikin 'yan'uwa huɗu, ɗaya ne kan dace. Aka gwada Susan, ta dace. Magdalina ta zube ƙasa tana godiya ga Allah.

"Madam, jinin da aka ƙara mata a Minna, na wa ne?" in ji likita.

"Na yayarta mana, likita! Muna da namu a gida."

Likita ya ajiye biro. Ya ce jikin Praise ya riga ya san jinin Susan, yanzu yana iya ƙin ɓargonta. Haɗarin ya ƙaru, gara a fara da magani.

Kwana huɗu ana ɗura mata shi ta jijiya, daga nan ƙwayoyi safe da yamma. Yau kwana ɗari da tara, ɓargo bai motsa ba. Duk sati biyu sai an ƙara jini, dangi kuma an hana su bayarwa.

Yanzu tukunya ɗaya Magdalina ke ɗorawa. Duk wanda ya zo saye sai ta riƙe ludayi ta ce, "Oga, kafin in sa nama, wane irin jini gare ka?" Mutum arba'in ta tambaya, shida suka je asibiti ba da jini. Ni ce ta huɗu. Minti goma sha biyu na yi a kan gado, na tashi na hau keke.

In kuna da lafiya, ku karya da safe, ku je asibiti mafi kusa ku ba da leda ɗaya. Kada ku tambayi ɗan wa za a sa wa.