Ranar da Baba Laouali Ya Kife Takalma a Kan Tebur

Jama'a a gyara zama, mai shayi ya ajiye kofi. Ga shi nan tafe: Sarkin Ƙanƙarar Riyad da kewaye, Magajin Dutsen Washi, malamin Turawa masu sanduna, gwarzon da ya shekara goma sha tara yana kiwon ƙanƙara a tsakiyar hamada ba ta taɓa narke masa ba! Baba Laouali ke nan, mutumin Tasawa ta ƙasar Maraɗi. In kuka ga wani siririn dattijo a unguwar Suwaidi rungume da rigar sanyi a watan da kwalta ke laushi don zafi, kada ku ce masassara ce. Aiki zai tafi.

Ni Rabilu, ni ke miƙa wa mutane takalman haya a filin ƙanƙarar da yake aiki, cikin wani katafaren kanti a arewacin gari. Wata bakwai ke nan ina wurin, wanda a tarihina dogon zama ne ƙwarai. Abin da zan ba ku, rabi da idona na gani, rabi na tatsa daga bakinsa da ƙyar, kamar mai tatsar akuyar da ba ta sha ruwa ba.

Shekara ashirin da huɗu da suka wuce ya sauka ƙasar nan. Dako ya fara a kasuwar Aziziya, kwandon tumatir da buhun albasa. Da hantsi in kasuwa ta lafa sai ya zauna yana wasa wa masu yankan kankana wuƙaƙe. A nan wani mudir, wato manaja, ya gan shi, ya ce yana da wasu wuƙaƙen da ke neman hannu irin nasa, amma a ƙasan takalmi suke. Baba ya ce wuƙa dai wuƙa ce. Aka juya masa iƙama, wato takardar izinin zama da aiki, ya koma washin takalma da tuƙa motar goge ƙanƙara. Har yau bai taɓa zura ƙafarsa cikin takalmin nan ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Maƙeri na hawan kowane doki da ya yi wa linzami?"

Wasan kuwa, ga wanda bai taɓa gani ba, hoki sunansa. Ƙarti ne shida-shida, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna zamiya suna bin wani baƙin faifai mai kama da ƙosan da ya kwana a kasko. Ƙungiya huɗu ce ke wasa a filinmu: injiniyoyi, likitoci, malaman makaranta, da 'yan ƙasa da suka koyo abin a wajen karatu. Duk shekara a watan Satumba sai a rushe ƙungiyoyin a sake zaɓe. A rubuta sunan duk mai so a allo, shugabanni huɗu su zauna a tebur suna ɗauka ɗai-ɗai, zagaye bayan zagaye. Wanda ya zo na ƙarshe bara shi ke fara ɗauka, wanda ya ci kofi shi ne ƙarshe. Kowa mutum goma sha ɗaya. Wanda aka bari a allo sai ya haƙura sai baɗi.

To a nan Baba Laouali ke zama hukuma. Mahaifinsa dillalin dabbobi ne a kasuwar Tasawa, shi kuma da igiyar rago a hannu ya girma. Abin da ya koya a kan rago shi ya kwaso ya ɗora wa injiniyoyi. Ba ruwansa da wanda ya zura ƙwallo nawa. Ƙafa yake dubawa. Ƙarfen takalmi baki biyu gare shi, na ciki da na waje, kuma duk takalmin filin nan ta hannunsa yake bi. In ya shafa da babban yatsa sai ya ce, "Wannan hagu kawai ya iya juyawa. Ku bi masa ta dama, ya zama gawa." Ko ya ce, "Wancan gudu gare shi, birki babu." Yana kallon yadda mutum ke tashi in ya faɗi, ko faifan yake nema ko wanda ya gan shi. Abu ɗaya ne ya ce ilimin ubansa ya gaza: haƙori. Rago da haƙori ake sanin shekarunsa, su kuwa waɗannan rabinsu sanda ta riga ta kwashe na gaba.

Babban almajirinsa wani Bature ne ɗan Kanada, injiniya a gine-ginen Dir'iyya, kuma ɗaya daga cikin shugabannin nan huɗu. Sunansa na da wuyar faɗa, mu Rajan muke ce masa. Da Faransanci suke magana, na Rajan ta hanci, na Baba na kasuwa, amma suna gane juna. Baba ne ya koya masa cewa in kai ne ƙarshen ɗauka kada ka bi masu gudu, sun fi tumatirin Aziziya yawa. Ka fara da mai tsaron gida, ka bi da 'yan baya biyu, sauran ka tsinta a hankali. Ya kuma koya masa kada ya kalli wanda yake so, ya kalli na kusa da shi. Da haka Rajan ya ci kofi bara.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta dillalan ƙwarai da Baba ya taho da ita. Ba ya kushe dabba a gaban mai ita. In ka tambaye shi wani ɗan wasa, in na kirki ne zai yi magana. In ba na kirki ba ne sai ya yi shiru, ya juya ya ci gaba da washi. Duk filin an san wannan. Shirun Laouali ya fi jan kati.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Baba yana da ɗa, Jibirilla, ɗan farinsa, haifaffen Suwaidi. Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausarsa kuwa sai ka riƙe dariya. Tun yana shekara shida yake bin uban aiki ranar da babu makaranta. Da safe kafin a buɗe fili akwai minti ashirin da ƙanƙara ba ta da mai ita, kafin mota ta goge. A cikin minti ashirin ɗin nan ya koyi komai, shi kaɗai, da takalman da Turawa suka yar uban ya gyara. Bana ya cika sha takwas, shekarun shiga zaɓe. Ya rubuta sunansa a allo, na hamsin da ɗaya. Gurbi arba'in da huɗu ne.

Sati guda kafin zaɓe Rajan ya zo ɗakin washi da takardarsa, suka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina jera takalma. Da suka zo ƙarshe Rajan ya yi murmushi ya ce, "To, Jib fa? Ɗanka?"

Baba ya yi shiru. Ya juya ya kunna dutsen washi.

Na ga fuskar Baturen ta sauka. Ya dafa kafaɗar Baba cikin tausayi, ya ja layi a kan sunan. Kafin kwana biyu duk shugabannin sun ji: yaron nan, ko ubansa ya yi shiru.

Ku da kuke karanta wannan kun riga kun gane. Ɗan fari ne. Dattijon Tasawa ba ya kiran sunan ɗan farinsa, balle ya yabe shi a gaban mutane. Shekara sha takwas "yaron nan" yake ce masa, in ya matsu ya ce "kai". Inna Delou ma, uwarsa, "Baƙo" take kiransa. Amma je ka fassara wa ɗan Kanada alkunya. Na gwada, wallahi. Da Turancina na aji uku na ce masa a garinsu Baba uba ba ya son faɗin sunan ɗansa. Ya ce, "Kai, abin tausayi," ya ƙara jan wani layin.

Ranar zaɓe Asabar ce. Aka yi wasan gwaji bayan azahar, kowa ya nuna abin da ya iya. Jibirilla ɗan baya ne, irin wanda in ya yi aikinsa daidai ba abin da ke faruwa, don haka ba wanda ya ga komai. Aka jera su a benci da takalmansu a ƙafa, aka fara kira. Zagaye na ɗaya, na biyar, na takwas. Duk wanda aka kira ya tashi ana buga sanduna a ƙasa. Benci na ta yin fili. Da aka gama na goma aka kira la'asar, aka tashi salla. Saura mutum goma sha ɗaya, gurbi huɗu.

Bayan an sallame na iske su a ɗakin washi. Yaron na tsaye a bakin ƙofa, takalmi ya ƙara masa tsawo har ya fi uban da kai guda.

"Yuba," ya ce, haka 'ya'yan nan ke kiran uba. "Kalma ɗaya bas, ɗaya kawai. In ni ba kyau, ka faɗa ni ba kyau. Halas, shi ke nan, na cire suna."

Baba bai ɗago ba. "Je ka zamna inda aka aje ka."

Da ya fita na ce, "Haba Baba. Suna ne fa, ba garwashi ba. Faɗe shi mu gani ko harshen zai faɗo. In kana so ni in riƙa faɗin Jibi, kai kana cika rilla."

"Rabilu, kai ko gidan mutuwa aka kai ka sai ka nemi abin dariya."

"To ai mutuwar ce za a yi. Shekara guda zai yi yana kallo ta gilashi."

Ya kashe dutsen. Ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Ni ma na fari ne, ka ji sunana, ma'anarsa ke nan. Ubana har ya koma ga Allah bai kira ni ba ko sau ɗaya. Amma ran da na fara sayen rago ni kaɗai, ya zagaya shi sau biyu, ya duba ƙafafu, ya kwance igiyar hannunsa ya ba ni. Ban taɓa tambaya ba ko ya san sunana."

"Shi wannan a Suwaidi aka haife shi, Baba. Bai san karatun igiya ba."

Ya sake kunna dutsen.

Aka koma tebur. Na farko ya ɗauki wani malamin lissafi. Na biyu ya ɗauki ƙanin matarsa. Na uku ya ɗauki wani da ko tsayawa bai iya ba sai ya rungumi bango. Saura Rajan, saura gurbi ɗaya. Na ga bakin alƙalaminsa a kan sunan wani likitan haƙori mai tumbi. Jibirilla ya sunkuyar da kai, ya fara kwance safar hannu.

Sai ga Baba ya fito daga ɗakinsa. Bai nufi tebur ba, benci ya nufa. Ya durƙusa a gaban yaron, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban mutum sittin, ya kama igiyar takalmi ya fara kwancewa. Yaron ya zabura zai janye ƙafa, ya ce, "Yuba, la! A'a!" Uban ya riƙe idon sawun gam, yadda ake riƙe na rago. Ya zare na dama, ya zare na hagu. Ya miƙe ya kai su tebur ya kife a kan takardar Rajan, ƙarfe na kallon sama.

Ya kama babban yatsan Baturen ya ɗora a kan ƙarfen. Ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba, amma daga baya Rajan ya maimaita wa kowa abin da aka ce masa, har da kwaikwayon murya.

"Shafa nan. Shafa nan kuma. Ciki da waje, dama da hagu, cinsu ɗaya. Takalmi ɗari biyu nake wasawa a filin nan, uku ne kawai haka, biyu ka riga ka ɗauka. Dubi dunduniya: mai wannan da baya yake gudu kamar yadda wasu ke yi da gaba. Dubi goshin takalmin, duk tabo. Faifai ne. In an harbo, mutane na kauda ƙafa, mai wannan sa tasa ƙafar yake. Ba zai ci maka ƙwallo ba. Amma mai tsaron gidanka zai yi barci."

Rajan ya dubi takalman, ya dubi dattijon. Ya ce, "Laouali, na wane ne?"

Ya sani sarai, ja'iri. So yake ya ji.

Baba ya ɗauke kai ya kalli ƙanƙara. Ya ce, "Mai su na nan. Ba shi da wuyar ganewa."

Duk fili aka juya. Mutum takwas a benci, bakwai da takalma, ɗaya da safa, babban yatsa ya leƙo ta huda.

"Jib!" in ji Rajan. Sanduna suka hau dukan ƙasa, har likitan haƙorin yana bugawa. Yaron ya taso da safarsa a kan jiƙaƙƙen daɓe, ya karɓi riga, ya zo ya tsaya kusa da uban.  Sai Baba ya tattara igiyoyin takalman ya ɗaure su wuri guda, ya rataya masa a wuya, ya ɗan ja su ƙasa sau ɗaya kamar mai gwada ƙulli. Ya wuce wajen motarsa ta goge ƙanƙara, don ƙanƙara ba ta san an yi zaɓe ba.

Na bi shi a guje. Na ce, "Baba! Sarkin Ƙanƙara! Dillalin dillalai! Yau ka sayar da rago ba ka faɗi sunansa ba! Wallahi sai na rubuta ka, Hausawan Riyad kaf su karanta, har Tasawa sai an kai. Na ma tsara kirarin farko, tsaya ka ji."

Na karanto masa shi tun daga mai shayi har zuwa hamada. Ya saurara har ƙarshe, yana warware tiyon ruwa.

Ya ce, "Ka gama? Ɗaga ƙafarka, ka taka mini tiyo."