Kawu Isuhu da bindigarsa mai makara

Ku da kuka san Kawu Isuhu a kasuwar Tamanrasset, kun san ba ya sayen komai sai ya shinshina. Ganyen shayi, rawani, har tayar mota sai ya kai wa hanci. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa na unguwar Tahaggart na girma, na sha kunyar hancin nan iyakar sha.

Bayan ya tsufa sai ya kamu da son wasan barud, wanda maza ke kewayawa da tsofaffin bindigogi a wurin biki, ana kiɗa, shugaba ya ba da alama kowa ya harba ƙasa lokaci guda. Burinsa ɗaya ne: ranar auren autarsa Rakiya ya tsaya cikin da'irar, harbinsa ya fita tare da na kowa.

Muhtar, shugaban 'yan barud, ya kai mu ƙauyen Hirafok wurin wani mai lambu da ya gaji bindigogin soja na zamanin Faransa. Aka jera masu kyau a kan tabarma. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shinshina bakinsu yana yamutsa fuska. Can ya hango wata da aka tokare ƙofar lambu da ita, an ɗaure gindinta da waya.

"Waccan hwa?"

"Alhaji, waccan ta gaji," in ji mai lambu.

Ya ɗauko ta, ya zuƙi warinta, ya lumshe ido. "Wannan ta ga duniya. Sauran duk yara ne."

Ya saye ta, ya sa mata suna Gwaggo. Da yake Kawu ba ɗan ƙasar ba ne, takardar izinin bindiga ta jandarma da sunan Muhtar aka yi ta, amma kowa ya san mai ita.

Matsalar Gwaggo ita ce nawa. Kowa ya harba, ƙura ta tashi, mata su fara guɗa, sannan ka ji ɗum daga gefen Kawu. A al'adar wasan, wanda harbinsa ya ware shi ke dafa wa jama'a shayi. Kawu ya dafa shayi har butarsa ta huje. Na ce masa ya canza bindiga mana.

"Kai yaro, ba makara take ba," ya ce. "Jira take ƙanana su gama surutu."

Ga kuma maƙo. Da murfin kwalbar turare yake awon albarushi, shi ma ba ya cikawa. Wata rana a wani biki ya rage har Gwaggo ta ce fus kawai, ɗan hayaƙi ya fito. Muhtar ya juyo da natsuwarsa ya ce mata, "Yarhamukillah." Kawu ya yi fushi da shi har aka ci abinci.

Da aka sa ranar Rakiya, sai ya ɓullo da dabara: zai riƙa danna kunamar kafin alama, don Gwaggo ta iso daidai. Ya gwada a wani biki a garin In Ekker. Ranar nan kuwa ta tashi nan take, ita kaɗai, makaɗa suka watse, wani tsoho ya zubar da shayinsa a cinya. A mota, da muka kusa gida, Kawu ya juyo gare ni.

"Ka gani ko? Tana iyawa. Ra'ayi ne ba ta da shi."

Muka yi dariya, amma na ga idonsa. Abin yana damunsa ƙwarai, tsoro yake kada ya kunyata ɗiyarsa.

Bai kai ranar ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu ana saura kaɗan, aka ɗaga bikin har bayan takaba.

Ranar auren 'yan barud suka zo ba a gayyace su ba. Aka kewaya, Muhtar ya ba da alama, harbi ya fita kamar na bindiga ɗaya. Sai ba wadda ta yi guɗa, makaɗa ma suka tsaya. Ashe duk jira muke. Muhtar ya ajiye tasa, ya ɗauko Gwaggo, ya danna. Ta yi shirunta yadda ta saba, sannan ta ce ɗum. Rakiya ta fashe da kuka a cikin mayafi, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya yafe masa kurakuransa. Ranar da za a kira masu shiga Aljanna, Allah ya sa yana sahun farko, kada ya makara.